Bishiyoyin Haya

A kamfanin kwalin nan na bakin rafi, in ka ce Gam kake nema ba wanda zai tambaye ka wane Gam. Shi ne mai injin manne gefen kwali. Sunan ya bi shi ne tun ranar da ya jingina da tankin gam yana zuba surutu, sai da aka sa almakashi aka yanke masa wando kafin aka raba shi da tankin. Har Inna da ta haife shi, in tsokana ta motsa mata, haka take kiransa. Baki ne da shi kamar rediyon da makunninta ya lalace.

Bakin nan ne ya kai shi kwamitin muhalli. Kada sunan ya ruɗe ka. Aikin kwamitin shi ne sa koriyar riga da washe haƙora ranar da baƙi za su zo. Baƙin kuwa su ne manyan masu sayen kwalin kamfanin, mutanen da ba sa taɓa kaya sai sun ga tambarin ganye a jikinsa. Shi kuma tambarin ba a bayar da shi sai an zo an gani da ido cewa kamfani yana tausayin ƙasa da maƙwabta. Shugabar kwamitin ita ce wadda ma'aikata ke kira Anti Kore, domin daga ɗankwali har takalmi kore take sawa, in ta tsaya kusa da ciyawa sai ka neme ta ka rasa.

Ga yadda ake tausayin ƙasar. A jikin katangar gaba akwai dogon fili inda tireloli ke sauke dilolin tsohon kwali da takarda, waɗanda ake markaɗawa a yi sabo da su. In baƙi sun kusa, sai a kori tirelolin, a share filin, a haƙa ramuka a jere. Mai Dashe, wani mai lambun sayar da ƙananan bishiyoyi, ya cika mota da mangwaro da gwaiba da lemo a baƙaƙen ledojinsu ya kawo haya. A zura kowace a rami da ledarta, a ja ƙasa a rufe bakin ledar. Baƙi su zo, a miƙa musu sabon shebur, a yi tafi, a yi hoto. Washegari Mai Dashe ya bi layi yana zare kayansa ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire haƙori mai girgiɗi, a cike ramuka, tireloli su dawo.

Akwai wani mangwaro mai karkataccen wuya da Gam ya gane shi sarai saboda yawan zuwa. Kullum aka sauke shi sai ya sara masa ya ce, "Barka da dawowa, yallaɓai. Kai fa ka fi Manaja yawan hoto da baƙi." Ma'aikata su bushe da dariya.

Bana sai lissafi ya kwaɓe. Masu ba da tambarin suka aiko cewa ba za su faɗi ranar zuwansu ba, za su faɗo ne kawai cikin ranin nan. Ke nan dole bishiyoyi su zauna a ramukansu, kuma dole a sami mai ba su ruwa.

"Ba na son ma'aikaci," in ji Anti Kore a taron kwamiti. "Maƙwabci nake so. Dattijo, mai fuskar manomi. Mu jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga bishiya, ga aiki mun ba ɗan unguwa."

Gam ya ɗaga hannu tun ba ta rufe baki ba. "Anti, ina da shi a gida. Gemu fari fat, hannu kamar bayan kunkuru. Hoto zai so shi."

"Kawo shi. Amma kada ka kuskura ka faɗa masa zancen leda. Tsofaffin nan ba su iya ƙarya ba, baƙo na tambayarsa zai zazzage komai. Wanda bai sani ba ya fi iya magana."

"An gama, Anti."

Wanda yake nufi Kawu ne, yayan Inna. Da can yana da lambu a gangaren rafi, ƙasa da kamfanin. Da magudanar kamfani ta fara sako wani farin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kayan lambun suka bi juna suka ƙone, bishiyoyin suka bi bayansu. Tun daga nan Kawu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ya rungumi rediyo. Abinci sai Inna ta yi da gaske. Magana kuwa in ya amsa gaisuwa an ci sa'a.

Gam ya tsuguna gabansa da yamma. "Kawu, na samo maka aiki."

"A ina?"

"A wajenmu."

Kawu ya ɗago ido ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai ɗan nan, gam ɗin ya shiga kanka ne? Ni zan yi wa waɗanda suka kashe min lambu bauta?"

"Ba su za ka yi wa ba. Bishiyoyi ne, ƙanana, ga rana tana gasa su, ba mai kula. In ka gan su sai ka yi kuka. Maigadi ne ke watsa musu ruwan alwalarsa in ya tuna."

Kawu ya yi tsaki ya ƙara muryar rediyo. Amma da gari ya waye, Gam na fitowa ya tarar da shi tsaye a tsakar gida, ya sa tsohuwar malafarsa, yana cewa, "Zuwa kawai zan yi in gani. Ban ce na karɓa ba."

Bai dawo ba sai da rana ta faɗi.

Abin mamaki, tsohon nan sai ya miƙe kamar an zuba masa ruwa shi ma. Ya ƙi taɓa tiyon da aka ja daga magudana, ya ce ko maƙiyinsa ba zai shayar da wannan ba, ya riƙa jigilar bokiti daga famfon bayan ofis. Ya samo taki. Ya tsinto karyayyun katakai ya yi wa kowace bishiya ɗan shinge. Mangwaron nan mai karkataccen wuya ya kafa masa sanda ya ɗaure da tsumma. Gam na wucewa ya ɗaga murya, "Kawu, a hankali, kada ka yi musu aure!" Kawu ya ɗaga masa daƙuwa yana murmushi.

Wata rana da yamma suna cin abinci a tsakar gida, Kawu ya matso kusa ya rage murya.

"Gam, yaran kamfaninku jakuna ne."

"Wannan ai tsohon labari ne, Kawu. Me suka yi?"

"Da leda suka binne su! Duka! Na ga ina ba da ruwa ba sa motsi, na ce bari in tona in gani. Sai ga saiwa a nannaɗe cikin leda kamar ɗan da aka hana miƙe ƙafa. Wane irin mahaukaci ne ke dasa bishiya da leda?" Ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya jawo wani tulin baƙaƙen ledoji, a wanke, a ninke. "Na bi su da reza ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa saiwar ko guda ba. Amma ka rufa asiri. Kada ka faɗa wa manyanku, kar a kori ɗan mutane a kan rashin sani."

Loma ta tsaya wa Gam a wuya. Ya yi ta tari har Inna ta miƙo masa ruwa tana buga masa baya.

"Ci a hankali, ba mai ƙwace maka," ta ce.

Kawu ya tuntsire da dariya har malafarsa ta faɗi. Da ya tashi wanke hannu, Inna ta riƙo gefen rigar Gam. Idonta ya kawo ruwa. "Rabon da in ji dariyar Yaya tun lambun nan na da rai. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Gam ya buɗe baki. Mutumin da ko a cikin barci yake ba da amsa, ranar kalma ɗaya ce ta fito. Ya ce amin.

Ya ce wa kansa gobe zai faɗa wa Kawu gaskiya. Goben ta zo, ya tarar da Kawu durƙushe yana nuna wa Maigadi sabon toho a jikin gwaiba, ya wuce. Ya ce to jibi. Haka ranaku suka yi ta tafiya, bishiyoyi suna yin kore shar, kowane sabon ganye yana ƙara wa Gam nauyi a ƙirji. Ya daina tsokanar mangwaro. Abokan aiki suka fara tambaya ko aljihunsa ne ya bushe.

Sai ga masu tambari sun faɗo ana tsakar aiki, ba sallama ba gargaɗi. Aka yi ta rige-rigen sa koriyar riga, wani ma ya sa tasa a bai-bai. Cikin baƙin akwai wata doguwar mata mai tabarau wadda ba ta dariya. Da alama an taɓa yi mata wasan leda a wani wurin, domin tana isa layin bishiyoyi ta miƙa wa na kusa da ita jakarta, ta kama wuyan mangwaron nan da hannu biyu ta fizga sama.

Anti Kore ta rufe ido. Manaja ya dubi sama kamar mai neman hadari.

Mangwaro ko gezau. Matar ta sake ja har takalminta ya zame. Ta gwada gwaiba, ta gwada lemo. Ta tsuguna ta tona gindin ɗaya da yatsa, sai fararen saiwoyi sun bazu cikin ƙasa.

"Baiwar Allah, a hankali mana!" Kawu ya taso da bokiti a hannu. "Yara ne fa!"

Aka fassara mata, don ba ta jin Hausa. A karon farko ta yi murmushi. Ta sa aka ɗauki Kawu hoto yana ba mangwaro ruwa, malafa a ka, gemu na ƙyalli. Ba a jima ba labari ya zo: an ba kamfani tambarin ganye.

Gam ya ga ƙofar ceton bishiyoyin ta buɗe. Ya gyara koriyar rigarsa ya shiga ofishin Manaja da fara'arsa.

"Ranka ya daɗe, ka ga ikon Allah? Kuskuren tsoho ya fitar da mu kunya. Yanzu ai sai a bar su kawai. Nan gaba ka zauna a inuwa kana shan mangwaro, ana cewa Manaja mai hangen nesa."

Manaja bai ɗago daga wayarsa ba. "Leƙa taga."

Gam ya leƙa. Tireloli ne jere a titi har kwana, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsu suna kwance.

"A kaina zan sauke kayan? Injin markaɗe iska zai ci? Kuma Mai Dashe yana waje yana kumfar baki, ya yi wa kamfanin fenti alkawarin bishiyoyin nan, su ma baƙinsu na hanya. Ya je zarewa sun ƙi fita."

"Yallaɓai, ko rabi a bari. Ko guda ɗaya, a can ƙurya."

"Wa ya kawo tsohon?"

"Ni ne."

"To kai za ka tone su. Gobe da safe ina son filina. In kuma tausayi ya hana ka, ƙofa a buɗe take, ku tafi tare ku buɗe lambu." Sai a lokacin ya ɗago. "Ka ce masa mun gode. Aikin ban ruwa ya ƙare."

Gam ya tsaya. Ya tuna tukunyar Inna, wadda ba abin da ke ɗora ta a wuta sai injin gam. Ya ce, "An gama, yallaɓai."

A gida ma bai faɗa ba. Ya ce kansa ke ciwo, ya shige ɗaki. Da sassafe ya riga Kawu fita, wai ko zai gama kafin tsohon ya iso. Ka ji wautar mai wayo. Bishiyar da ta kama ƙasa ba ta fita da gaggawa. Yana kan ta uku, gumi ya jiƙa koriyar riga, Mai Dashe na tsaye a kansa yana masifa, sai ya ji ƙarar bokiti ya faɗi a bayansa.

"Gam."

Bai juyo ba.

"Gam, me kake yi?"

Mai Dashe ne ya amsa. "Au, kai ne gwanin? Baba, wa ya aike ka? Kayan haya ne! Da ledarsu ake sa su, da ledarsu ake cirewa. Shekara da shekaru muna haka lafiya lau, ka zo ka mayar min da jari gonar gado!"

Kawu ya dubi Mai Dashe, ya dubi ramukan, ya dubi tirelolin da suka fara tayar da inji a bakin ƙofa. A hankali abin ya shige shi. Ana iya ganin shigarsa a fuskarsa.

"Ka sani?" ya tambayi Gam.

"Kawu, wallahi na so in..."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka zo."

Kawu ya gyaɗa kai. Bai zage shi ba, kuma Gam ya so a ce ya zage shi, ko ya kwaɗa masa bokitin. Sai kawai ya miƙo hannu. "Ba ni shebur. Yanka su kake yi."

Ya durƙusa gindin mangwaron nan, ya kwance tsumman da ya ɗaure shi da shi, ya fara tono daga nesa, yana zagayawa, yana sa yatsu yana raba saiwa da ƙasa. Direban tirelar gaba ya danna hon. Ya sake dannawa. Manaja ya leƙo ta taga ya yi wa mai motar ɗaukar dila alama da hannu. Motar ta taho ta sa haƙoranta a farkon layi, ta bi shi tana tumɓukewa, shingayen katako suna karyewa ƙas-ƙas, gwaiba da lemo suna kifewa da saiwarsu a sama. Mai Dashe na bin ta a guje yana tsintar abin da zai tsintu yana tsine-tsine.

Kawu bai ɗago ba har ya fitar da mangwaron da ƙasarsa. Ya rungume shi a ƙirji ya ce wa Mai Dashe, "Wannan ka bar min shi."

"Baba, an riga an yi alkawarinsa. Wannan ai shi ne mai farin jinin."

Kawu ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro leda guda cikin waɗanda ya wanke, ya sa mangwaron a ciki, ya ɗaure inda reza ta tsaga da tsumman nan, ya ɗora shi a motar Mai Dashe da kansa. "Ka ba shi ruwa da yamma. Ba ya son na rana." Ya juyo ga Gam. "Sauran ledojinku suna gida ƙarƙashin tabarma. Ban yar ba. Ka kawo musu kayansu."

Ya ɗauki malafarsa ya fita ta tsakanin tireloli. Kafin azahar dilolin kwali sun rufe filin, kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba.

Tabarma ta koma ƙofar ɗaki, rediyo ta koma cinya. Inna ba ta yi wa Gam faɗa ba, ta dai daina kiransa Gam. Abincinsa take ajiyewa a rufe ta shige ɗaki.

Sai kuma sabon kwali ya fito. A gefensa ga tambarin ganye, ga Kawu da malafa da bokiti da mangwaro mai karkataccen wuya, a ƙasa an rubuta: Tare Muke Shuka Gobe. Daga safe zuwa yamma fuskar Kawu ke bi ta injin Gam, yana shafa mata gam yana ninkewa. Da aka kwana biyu kwalayen suka fara dawowa a tsofaffinsu, a matse cikin diloli, ana sauke su daidai inda bishiyoyin suka tsaya, ana jefa su injin markaɗe. Abokan aiki suka ce, "Gam, kawunka ya zama ɗan fim, ba za ka ce komai ba?" Ya ce injin ne ke ƙara, ba ya jin su.

Rannan Anti Kore ta tare shi da sabuwar koriyar riga a leda. "Wasu baƙin na tafe, kuma sun ce lallai sai sun ga dattijon jikin kwali. Ka kawo shi, yini ɗaya kawai. Amma don Allah wannan karon ya bar leda a inda ya gan ta."

Gam ya kai rigar gida ya tsuguna a bakin tabarma. Ya yi bayani, gajere, ba ado. Kawu bai dubi rigar ba.

"Mangwaron nan yana cikin waɗanda za a kawo?"

Gam ya riga ya tambayi Mai Dashe. Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, mai kyau, mai santsi, irin wadda ya saba. Ya haɗiye ta.

"Ya mutu, Kawu. Bai kai sati a kamfanin fenti ba."

Kawu ya ce, "To. Ya huta da hoto." Ya juya fuskarsa bango ya ƙara muryar rediyo.

Da Gam ya mayar wa Anti Kore rigar, ko a jikinta. "Bar shi kawai. Maigadi ya samo mana wani. Gemu ne dai da malafa, wa zai gane?"

Ranar da aka kori tireloli aka sake haƙa ramuka, Gam ya fito shan iska ya hango sabon tsohon. Siriri ne, rigar ta yi masa yawa. Ya ajiye bokiti ya tsuguna gindin wata gwaiba, yana tona ƙasa da yatsa, fuskarsa cike da mamaki. Hannunsa ya fara laluben aljihu.

Gam ya taka har inda yake.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa ɗana. Zo ka ga wani shirme. Da leda fa suka..."

"Na sani, Baba," in ji Gam. "Bar ta. Zuba ruwan kawai."